An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wasa, Jiki da Yarda a Ƙasar Haɗejiya

Duk shekara, da azumi ya kai goma ga wata, sai tsohuwar gardama ta farka a majalisun Haɗejiya da garuruwan da ke kewaye da ita: a bar yara su yi tashe ko a hana su? A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha fitar da sanarwar dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi, kuma abin da Kano ta yi yau, gobe za ka ji ana neman a yi irinsa a Jigawa. Gardamar ba ta tsaya kan tashe ba. Ta haɗa da fim, da bidiyon TikTok, da 'yan dabo da gardawan da ke tara jama'a ranar kasuwa, da duk wani wasa da zai kawo maganar mace da namiji a fili. Masu son a hana suna cewa tarbiyya suke karewa, masu son a bari suna cewa al'ada ce.

Ni dai babu ɓangaren da ya gamsar da ni, kuma gara in faɗi matsayina tun yanzu. Ma'aunin da muke auna wasa da shi gurgu ne. Abin da kawai muke tambaya shi ne: an taɓa jiki? An ga gashi? An yi rawa? Tambayar da ta fi waɗannan nauyi a shari'a da hankali, wato wa ya yarda da abin da aka yi masa, wa kuma aka yi wa dole, ba mu cika yin ta ba. Ina kuma ganin cewa wasan da ake yi da kaya a madadin jiki, da 'yar tsana da ƙwarya da tabarma, wanda muka gada muke kuma yi masa riƙon sakainar kashi, shi ne hanya mafi tsafta da muke da ita ta yin wannan tambaya a bainar jama'a ba tare da an keta haddin kowa ba.

Ga abubuwa biyu da suka faru a idonmu. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda ta fito a bidiyon waƙa tare da mawaƙi ClassiQ, inda aka ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. Manya biyu ne, kowa da hankalinsa, kowa ya san abin da ya je yi. Wanda ya ce abin bai dace da al'adarmu ba yana da hujjarsa, ba ni da ja. To, a Oktoban 2025 wata kotun majistare a Kano ta umarci Hisba ta ɗaura wa wasu matasa biyu 'yan TikTok aure cikin kwana 60, a matsayin maganin bidiyon da aka ce na rashin ɗa'a ne. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce babu kotun da ke da hurumin tilasta wa mutum aure, daga baya kuma aka fasa. Mutum nawa daga cikin waɗanda suka yi ta Allah wadai a 2016 suka ɗaga murya a 2025? Da yawa dariya suka yi, suka ce Allah Ya ba da zaman lafiya. Runguma ta ɗan lokaci da yardar masu yin ta ta zama abin kunyar ƙasa, zaman aure bisa umarnin alƙali kuwa ya zama abin raha. An bar jaki ana dukan taiki.

A wasu ƙasashe masu wasa sun daɗe da mayar da maganar yarda jigon sana'arsu. Tun shekarun 1970 aka fara wani sabon salo na wasan tsalle-tsalle da alkafura da tafiya kan igiya, wanda Turawa ke kira sakos, inda aka rage fito da zaki da giwa aka koma ba da labari da jikin mutum. Cirque du Soleil ya tashi a Kanada a 1984, Faransa ta buɗe babbar makarantar koyon sana'ar a 1985, a Afirka ma aka kafa Circus Ethiopia a 1991 da Circus Baobab na Gini a 1998. Mutumin da zai saki igiya a can sama yana jiran abokinsa ya cafe shi ya san amana fiye da mai yi mana lacca a kanta a rediyo: kafin a taɓa shi an yi magana, an san inda hannu zai sauka, an san alamar da zai yi a tsaya. Shi ya sa da yawa daga cikinsu a yau ke gina labarinsu kan kusanci da amincewa. A gefensu akwai masu wasa da kaya, waɗanda ke ɗaukar cokali da buta da takalmi su mai da su mutane a kan tebur. A wajen 1980 Faransawa suka raɗa wa salon suna. Bayan tonon sililin cin zarafin mata da ya girgiza masana'antar fim ta Amurka a 2017, har sabon aiki ya samu gindin zama: mutumin da ke tsayawa a wurin ɗaukar fim don ya tabbatar ba a taɓa ɗan wasa inda bai amince ba.

Ba cewa nake a kwaso wannan duka a juye a ƙofar fada ba. Akwai tsiraici a cikinsa wanda ba zai karɓu a nan ba, ni ma ba zan kai iyalina kallonsa ba. Abin da nake cewa shi ne, dabarar da suka raɗa wa suna a 1980, kakanninmu mata a Auyo da Kafin Hausa sun riga su sanin ta.

Ku tuna auren 'yar tsana. Yarinya za ta samo karan dawa ko ƙashin ƙafar rago, ta yi masa kitso da zare, ta ɗaura masa zani da ƙyallen da ta tsinto a gindin keken tela. Marfin kwalba ya zama kwanon jere, gwangwanin tumatir ya zama tukunya, gidan ashana ya zama akwatin lefe. Sai a taru da ƙawaye a bayan ɗaki, a yi kamu, a sa lalle, a kai amarya. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kasa kunne ya san ba shirme suke yi ba. Za ka ji wata ta ƙanƙance murya tana kukan amarya. Wata ta kumbura murya ta zama baba: “Na riga na ba da ke, magana ta ƙare.” Wata kuma ta zama gwaggo mai rarrashi: “Haba 'yar nan, yi haƙuri, mu ma haka aka yi mana.” Duk abin da suka tsinta ta bayan asabari lokacin da aka ɗauka ba sa ji, nan suke baje shi. Yarinyar da ba za ta iya ɗaga ido ta dubi mahaifinta ba sai ta sa karan dawa ya ce ba ya son mijin, kuma babu mai marin ta, domin ai kara ne ya faɗa. Da wasa ake gaya wa wawa magana, in ji Hausawa. Ni kuwa ina ganin ba wawa kaɗai ba, har mai iko, wanda ba a iya tunkarar sa ido da ido.

Tashe ma haka yake. A wasan Mairama da Daudu 'yan mata ne zalla: ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta lulluɓe ta zama amarya, sauran suna koyar da zaman aure gida-gida. (A lura, mafi yawan nasihar kan Mairama take sauka, Daudu yana zaune ana yi masa hidima, wannan ma abin dubawa ne.) Yaro ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani. Babu malamin da ya taɓa cewa yarinyar da ta sa hular Daudu ta fita daga jinsinta. Kowa ya san aron kama ne na dare ɗaya, kuma a cikin wannan aro ne yaro ke fara ɗanɗana yadda duniya take a idon wani. Mutanen wannan ƙasa sun fi kowa cancantar fahimtar haka. Auyokawa da Badawa da Mangawa da Gizimawa da Fulani ne suka cakuɗu suka zama Haɗejiyawan yau; harshen Auyokawa ma ya ɓace, jikokinsu Hausa suke yi. Bafulatani da Babarbare suna yi wa juna ba'a mai zafi a kasuwa, a tashi ana dariya, saboda kowannensu ya san yana da damar ramawa.

Manya ma sun yi wasan tsana a matsayin sana'a. Kafin jihadi ƙananan masarautun wannan yanki, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya, Borno suke bi ta hannun Galadima da ke Nguru, kuma a Borno ɗin ne wani Bature, R. E. Ellison, ya kalli wasan dogodogo ya rubuta bayaninsa a 1935. Mai wasan kan ɓuya a ƙarƙashin babbar riga da aka tokare da sanduna, ya fito da tsanoni ta wuyan rigar sanye a hannunsa, da wani ɗan abu a bakinsa mai sirantar da murya. Hausawa na kiran irinsa dabo-dabo, an kuma san shi har Damagaram. Labaran kuwa na mene ne? Na zawarci, da kishi, da matar aure da masu zagayen ta. A Mali, masunta Bozo da manoma Bambara na bakin kogin Neja har yau suna fito da manyan tsanoninsu a bikin shekara, matasan gari ne kuma ke riƙe da wasan. Mu da muke da namu kogin, da Sarkin Ruwa, da gora da koma da kwalekwale, me ya hana mu?

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba duka ne na banza ba.

Ta farko ta malamai ce: tsana sura ce, wasa kuma lagawu ne. Ba ni da matsayin yin fatawa, amma abin da ke cikin Bukhari ba ɓoyayye ba ne. Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, ya tsaya ya kare ta tana kallo. A littafin nan dai aka ruwaito labarin Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, aka warware auren. Za a ce Malikiyya ta ba uba ikon ijbari kan budurwa, kuma haka yake a Risala. Amma malaman mazhabar sun iyakance shi da maslahar yarinya da rashin cutar da ita. Ba su ce hanya ce ta biyan bashi ko ta neman shiga wajen mai kuɗi ba. Hadisin da ya ce a nemi izinin budurwa, shirunta kuma ya wadatar, sai da ya fara da a nema. Mu kuwa mun riƙe shirun mun yar da neman. Wace ce ta koya wa yarinya cewa tana da bakin cewa a'a, in ba ta taɓa ganin an faɗe ta ba ko da a bakin kara?

Amsa ta biyu ta dattawa ce: a bar kaza cikin gashinta, maganar ɗaki ba ta dandali ba ce. Ina girmama kunya, kuma saboda ita ne ma nake goyon bayan tsana. Idan mutum ne ya fito ya kwaikwayi daren farko, an yi rashin kunya. Idan tabarma biyu ce aka shimfiɗa, aka ajiye buta a gefe ɗaya da ƙwarya a ɗaya gefen, butar na matsowa ƙwaryar na janyewa har ta kife kanta, kowane babba a wurin ya gane, yaro ƙarami kuwa buta da ƙwarya kawai ya gani. Babu fuskar da aka nuna, babu gidan da aka ambata. Kuma mu daina yaudarar kanmu cewa shiru na rufa asiri. A 2014 wata yarinya 'yar shekara 14 a wani ƙauye na jihar Kano ta zuba shinkafar ɓera a abinci 'yan kwanaki bayan an aurar da ita, mijin da wasu mutum uku suka mutu, labarin ya zagaye duniya. Wane asiri aka rufa?

Amsa ta uku ita ce ta fi yi mini nauyi: mutumin da ruwa ya ci gonarsa abinci yake nema, ba 'yar tsana ba. Gaskiya ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗejiya ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe wani ya nutse. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta kori dubban mutane daga gidajensu a Auyo da Guri da Kirikasamma da Kafin Hausa da Malam Madori, da yawa suka koma kwana a ajujuwan firamare. To amma a can ne maganar tawa ta fi tsanani. Aji ɗaya, iyalai da dama, zani ne kaɗai shamaki, budurwa ba ta da inda za ta sake kaya, buhun tallafi kuma yana hannun namijin da ke rubuta suna. Shinkafar da za a sayar a yi hidimar shekara ta tafi, sai uba ya fara lissafin rage baki, kuma kowa ya san bakin da ake fara ragewa. Ruwa ba ya tsami banza. Jigawa ta sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane a 2021, amma doka tana Dutse a takarda; wa zai kai ta gaban matar da ba ta yi boko ba, cikin harshen da za ta gane ba tare da ta sunkuyar da kai ba? Malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada irin wannan tun shekarun 1970 a ƙauyukan da ke kewayen Zariya, suna zama da manoma su ji matsalarsu sannan a mai da ita wasa a dandali. Daga Samaru aka yi, ba daga Landan ba, don haka masu cewa ajandar ƙungiyoyin waje ce su nemi wata hujja.

Yanzu kuma bari in juyo kan 'yan'uwana masu kirarin al'ada, domin laifi tudu ne. Wasanninmu na kasuwa ba su da tsarki a maganar yarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu da kanmu muka yi wannan karin magana, mun san abin da muke kallo. A hotunan da Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya ɗauka na gardawan kura daga 2005, akwai ƙaramar yarinya zaune a kan kura mai takunkumi. Wa ya tambaye ta? Ɗan dabo kan jawo wani daga cikin 'yan kallo, galibi baƙauye mai sanyin hali, ya mai da shi abin dariya, shi kuma ya daure don kada a ce ba ya son wasa. Kamun gwauro da Nalako ke yi a Kano da azumi abin dariya ne ga kowa ban da wanda aka zagaya gari da shi, wanda wataƙila talauci ne ya raba shi da matarsa. A da, abin kan ƙare a unguwa. Yau akwai waya a kowane hannu, wulaƙancin minti biyar ya zauna a intanet har 'ya'yan mutum su girma su gani.

Taro ba shi da tausayi idan ya ga an buɗe masa ƙofa. A 1974, a birnin Nafoli na Italiya, wata mai fasaha, Marina Abramović, ta jera kaya 72 a kan tebur, daga fure da gashin tsuntsu har almakashi da bindiga da harsashi, ta ce za ta tsaya cik na awa shida, kowa ya yi mata abin da ya ga dama. Da farko fure aka miƙa mata. Kafin a tashi an yayyanka tufafinta, an ji mata ciwo a wuya, wani ya ɗora mata bindigar. Da lokaci ya cika ta motsa ta nufo su, sai suka watse, babu mai iya haɗa ido da ita. Ba na yabon abin da ta yi. Amma ya nuna cewa “ai ita ta yarda” ba ta wanke wanda ya wuce gona da iri.

Abin mamaki, wasan da ake yawan kira na jahilci ya fi sauran tsari a nan. Fulanin da ke saukowa fadamun Haɗejiya da rani sun san sharo. Saurayi ya fito da ƙafarsa, ya tuɓe riga, ya ɗaga hannu yana duba madubi, sa'ansa ya tsula masa bulala. Akwai dattawa masu lura, akwai iyakar inda ake duka, kuma wanda ya yi duka yau ya san bashi ya ci, za a rama. Ba na cewa yardar cikakkiya ce. Yaron da 'yan mata suka zuba wa ido, ga dangi a bayansa, ina zai sami bakin cewa ya fasa? Tilas ba ta rasa ɗakin kwana, wani lokaci a cikin kunya take kwana. Duk da haka sharo ya san abubuwa uku da bidiyon barkwancin wayarmu bai sani ba: a fito da kai, a san iyaka, a bar ƙofar ramuwa.

Saboda haka idan azumi ya zo, masu unguwanni da dagatai da Hisba da 'yan sanda suka zauna kan maganar tashe a Haɗejiya, ina roƙon su sauya tambayoyin. Ɗan daba da wuƙa a aljihu ba mai tashe ba ne, a kama shi da sunan laifinsa, kada a ɗora wa 'yan mata masu gwangwani. A hana jawo wanda bai so ba cikin wasa, a hana ɗora yaro a kan dabba ko ba shi maciji ya riƙe, a hana ɗaukar fuskar mutum a watsa ba da izininsa ba. Sannan makarantun 'yan mata da Islamiyyun matan aure na Auyo da Guri da Kaugama da Birniwa su ware yamma ɗaya a zango, a kawo kara da ƙyalle da gidan ashana, a ce wa ɗalibai su yi auren 'yar tsana yadda suka saba, malamai da iyaye mata su zauna a baya su saurari abin da amaryar za ta ce idan aka tambaye ta.